Shanun Mushe

Ubana bai taɓa yarda cewa koyar da yara sana'a ce ba. Ɗan kasuwar hatsi ne a Maradi, kuma a ganinsa duk namijin da hannunsa bai taɓa tiyar awo ba, zaman banza yake yi. Ranar da takarda ta zo cewa an ɗauke ni mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko, an tura ni Dakoro, ya karɓe ta ya juya gaba da baya, ko da yake bai san ko harafi ɗaya na Faransanci ba. Ya miƙo mini ya ce, "Tahi abinka. Tiyarka ga ta can rataye, ba mai taɓa ta. Ran da suka koro ka, ka zo ka ci gaba da awo." A gaban ƙannena ya faɗa, suna ta ƙunshe dariya. Wallahi maganar nan ta ci mini rai. Na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ina rantsuwa a zuciya cewa gara in ci ƙasa da in koma in sauko da tiyar nan.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, ana neman malamai ruwa a jallo, shi ya sa aka ɗauki irina. Amma ɗaukar gwaji ce. Kafin shekara ta ƙare mai duba malamai, wanda muke kira ansifektar, zai zo ya zauna a ajinka ya ga abin da yaranka suka iya. In ya gamsu, ka zama ma'aikaci. In bai gamsu ba, ka naɗe tabarmarka.

Ajina rumfar zana ce a gefen gari. A ciki akwai ƴaƴan Hausawa manoma da na ƴan kasuwa, da ƴaƴan Fulani, da na Buzaye, yawancinsu ba da son iyayensu aka kawo su ba. Doka ita ce Faransanci kaɗai. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gidansu, a rataya masa sambol a wuya, wani ƙashin jaki ne da muka ɗaura wa igiya. Lissafi kuwa, kowa da irin wanda ya zo da shi daga gida. Ɗan Bahaushe in ya tashi cewa goma sha takwas sai ya ce ashirin ba biyu. Ɗan Fulani yana kai biyar sai ya sake sabon lale, biyar da ɗaya, biyar da biyu. Ni kuma na tsaya a gabansu da alli ina gaya musu cewa a Faransanci tamanin ita ce ashirin huɗu, casa'in kuma ashirin huɗu da goma. Wani ɗan mahauci ya ɗaga hannu ya tambaye ni da Hausa, tsakaninsa da Allah, wai in Faransawa ba su da tamanin ne, me zai hana a ara musu tamu. Ya wuni da ƙashin jaki a wuya.

Littafin lissafin shi ma bai taimake ni ba. Daga tuffa sai jirgin ƙasa. Yaran da ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, ni ma kaina a hoto na san su. Sai wata safiya dabara ta faɗo mini, har na ji ina yaba wa kaina. Muna Dakoro, garin da ranar kasuwa ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan dabbobi, me ya haɗa ni da tuffa? Da shanu zan koyar da ɗebewa.

Akwai wata ƴar Fulani da ke zama a layin baya, ba za ta wuce shekara goma ba. Da aka ce rugarsu ta ba da yaro ɗaya, sai suka ba da ita, don yayanta yana da aikin kiwo. Ba ta magana, ba ta fitina, allonta kullum fari fat. Na nuna ta da alli na ce da Faransanci, "Ubanki na da shanu ashirin. Bakwai sun mutu. Saura nawa?" Ta zuba mini ido. Na maimaita, shiru. Raina ya ɓaci, na karya dokar da kaina, na faɗa mata da Hausa, da ƙarfi, yadda har na ajin da ke kusa suka ji.

Yarinyar ta dafe baki da hannu biyu. Ta tofa yawu gefe sau uku, ta fashe da kuka, ta keta ta ƙasan zana ta ruga. Sauran ƴaƴan Fulanin suka sunkuyar da kai. Ni kuwa, sarkin wayo, na buɗe kaye, wato littafin rubutu, na rubuta mata sifili, na ci gaba da darasi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da yammacin ranar nan wata saniyar uban yarinyar ta ci abin da ta ci a daji, cikinta ya kumbura, da ƙyar aka samu aka sa mata wuƙa. Kashegari na zo na tarar da rabin rumfa wayam. Babu ɗan Fulani ko ɗaya, babu Buzaye, har ƴaƴan manoman da suka ba Fulani kiwon shanunsu an hana su zuwa. Na bi ta kasuwa, mutane na nuna ni da baki. Na ji wata mai fura tana gaya wa maƙwabciyarta, "Shi ne. Bakwai ya ce. Guda ta tahi, saura shida." Na tsaya kamar in tanka. Ashe duk garin sun iya ɗebewa, a ajina ne kawai ba a iya ba.

Direktar ɗinmu, wato shugaban lakwal, dattijo ne daga ƙasashen bakin teku, mai haƙuri, ya daɗe a ƙasar Hausa har ya iya cin goro. Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya ce ansifektar na nan tafe kafin hutu, kuma bai taɓa jin an tabbatar da malamin da ke koyar da tabarmi ba. Ya ce, "Kai ka kore su, kai za ka dawo da su." Na ce ai misali ne kawai, jahilci ne ke damun mutanen nan. Ya ce to, in je in gaya musu haka.

Rugar su yarinyar tana kusa da wata rijiya a kan hanyar Bader Goula. Na tafi da ƙafa, cikin gajeren wando na kaki da doguwar safa, don su san hukuma ce ta zo. Kafin in isa ƙarangiya ta mayar da safar nan bushiya. Ina tafe ina tsalle ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro safa.

Uban yarinyar ya bi shanu. Kakarta na tarar, tsohuwa siririya, tana zaune tana wanke ƙore. Na yi sallama, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Sai da na gama gaisuwa tsaf ta ce, "Kai ne mai kashe shanu da baki?"

Na ce, "Inna, ba haka ba ne. Misali ne. A lakwal haka ake yi, a faɗi abin da bai faru ba don yaro ya koyi lissahi."

Ta ce, "Misali." Ta ajiye ƙwarya. "Ɗan nan, uwarka na da rai?"

Na ce tana nan lafiya lau.

"Ɗiya nawa ta haifa?"

Na buɗe baki, sai na tuna. Tun da nake ban taɓa jin uwata ta faɗi yawanmu ba. In baƙuwa ta tambaye ta, sai ta ce, "Alhamdulillahi, akwai na Allah," ta kawo wata magana. Ranar da wani ƙanena ya jera mu yana ƙidayawa da yatsa, da muciya ta bi shi har zaure.

Tsohuwar ta ce, "To ni in na tahi kasuwar Maradi, na tsaya gaban jama'a, na nuna ka da yatsa na ce uwarka na da ɗiya tara, uku sun mutu, saura nawa? Misali ne ko?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ƙannena suka faɗo mini a rai ɗaya bayan ɗaya, har na fara tunanin waɗanne ukun, na yi maza na ce a'uzubillahi. Amma ni mutum ne mai taurin kai, ban iya faɗuwa ba gardama. Na ce, "To Inna, in ba ku ƙidaya su, yaya kuke sanin wata ta ɓace?"

Ta ce in zauna in sha nono. Na zauna ina cire ƙarangiya. Can da la'asar sakaliya garken ya dawo, ƙaho ko'ina, ƙasa na girgiza. Ƴar ajina ta fito daga bayan bukka, ta yi kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya ta dube su kallo ɗaya, irin wanda mutum ke yi wa tsakar gidansu. Ta yi wa kakarta magana da Fulatanci. Tsohuwar ta fassara mini: wai ƴar jar nan mai karyayyen ƙaho ba ta dawo ba, kuma tabbas tana wajen ƙanwar uwarta da ke ɗingishi, don tare suke tsayawa a baya. Ba a jima ba sai ga su nan su biyu, suna tafe a hankali.

Ni kuwa duk wannan lokaci ina ƙidayawa a ɓoye. Sau uku na ƙidaya, sau uku na samu lissafi daban. Ina cikin na huɗu sai na ji ludayi a gwiwata, ƙwas!

"Leɓenka na motsi," in ji tsohuwar. "A gabana ma?"

Na ba ta haƙuri. Na ajiye hukuma gefe na gaya mata gaskiya: in yaran nan ba su dawo ba za a kore ni, in koma gidan ubana in ɗauki tiya, ƙannena su yi ta dariya har in mutu. Kuma dole in koyar da ɗebewa, ɗebewa kuwa ba ta yiwuwa sai wani abu ya ragu.

Ta dube ni. Ta ce, "Kai shanu nawa gare ka?"

Na ce, "Ni? Ko kaza ba ni da ita."

Ta ce, "Madalla. To kashe naka."

Haka aka yi sulhu. Ranar Litinin rumfa ta cika. Na tsaya gaban allo na ce, "Mushe na da shanu talatin. Tara sun mutu." Ban rufe baki ba hannuwa suka tashi sama kamar an ce wa zai ci nama. Kai, ban taɓa sanin yaran nan na da muguntar da suke da ita ba sai a ranar. Wanda bai taɓa buɗe baki ba ya buɗe. Suka fara roƙo in bar su su riƙa kawo nasu lissafin. Wannan ya ce kura ta cinye wa mushe biyar. Wancan ya ce goma sha biyu sun faɗa rijiya. Wani ɗan Buzu ya kawo ɓarayi a kan raƙuma suka kore ashirin da ɗaya, ya kuma tsaya a kan cewa ba za a gane sawunsu ba. Don su samu su kashe mini dabbobi da kyau, suka koyi kura da rijiya da ƙishirwa da Faransanci, ba wanda ya sa su. Ƴar Fulanin nan da na ba sifili ta fi kowa. Ba ta taɓa allo, sai ta ɗan lumshe ido, ta ba da amsa. Na tambaye ta yadda take yi, ta ce tana ganinsu ne, ta fitar da waɗanda suka mutu gefe, ta dubi sauran. Har kamanni ta ba su. Akwai wani baƙin bijimi nawa da ta hana kowa ya kashe.

Abin bai tsaya a rumfa ba. Yara suka kai gida, gida ya kai kasuwa. In na wuce rumfar mahauta sai su miƙe, "Mushe, sannu da hasara! Fatun fa, a ina ake zubarwa?" Dillalan kara su tare ni, wai in sayar musu da sauran tun kafin kura ta ƙarasa. Da farko ina jin haushi har kunnena na zafi, daga baya na koyi amsawa, in ce sai haƙuri, dukiya ta Allah ce. Wani tsoho mai nauyin kunne daga Roumbou, da ya tsinci rabin labarin, ya zo har masaukina da goro biyu ya yi mini jaje na gaskiya, har da hawaye. Na rasa yadda zan yi, na karɓi goron.

Ana wata ga wata. Direbobin kamiyo suka kai labari Maradi. Sai ga saƙon baka daga ubana: wai a tambaye ni a ina na samu ɗaruruwan shanu cikin wata huɗu, in na halal ne me ya sa bai sani ba, in kuma mutuwa suke yi haka, wane irin ɗa ne ba zai aiko wa uwarsa ko da kilishi ba.

Ranar da ansifektar ya zo, tun da hantsi muka ji ƙarar motarsa. Dogon mutum ne baƙi, da kwat da tabarau, fuskar nan kamar bai taɓa jin abin dariya ba. Da Faransanci kaɗai yake magana, irin wanda ake yi ta hanci. Mutanen gari suka taru a bayan zana suna leƙe, na hango tsohuwar nan a cikinsu da ƙwaryar nono a ka. Direktar ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi.

Ansifektar ya duba kaye, ya sa aka yi karatu, ya rubuta abin da ya rubuta. Sai ya ce a zo ga lissafi, kuma shi zai yi tambaya. Ya bi layi da ido, ya tsaya a kan ƴar Fulanin, da kitsonta da ƴan kunnenta. Ina jin ya so ya nuna mini yadda gwani ke kawo darasi kusa da yaro. Ya ce, "Ke. Ubanki na da shanu arba'in da biyu. Goma sha bakwai sun mutu. Saura nawa?"

Innalillahi! Yanzu kam ba ta bukatar fassara, ni na koya mata kowace kalma. Na san ta san amsar, na ga ta lumshe ido ta buɗe. Amma ta datse baki, ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. In ta amsa, ta kashe shanun ubanta da bakinta a gaban kakarta, gobe kuma ba ni da aji. In ba ta amsa ba, ga mutum da alƙalami. Ya maimaita tambayar, ya dubi agogo, ya cire murfin alƙalamin. Ni dai tiyar nan nake gani, tana lilo a jikin ƙusa.

Ban san lokacin da na taka gaba ba. Na ce, "A gafarce ni, mushe ansifektar. Shanun nawa ne."

Ya juyo a hankali. "Na'am?"

"Shanun. Ba na ubanta ba ne. Duk saniyar da za ta mutu a ajin nan tawa ce."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmina da ya sha ɗinki. Na ji direktar ya yi wani ɗan nishi a bayana. Ansifektar ya mayar da murfin alƙalaminsa. Sannan ya juya ga yarinyar ya ce, "To. Mushenku na da shanu arba'in da biyu. Goma sha bakwai..."

"Ashirin da biyar!" Ta faɗa da Faransanci tun bai ƙarasa ba.

Sai ajin gaba ɗaya, kamar yadda suka saba tsokanata, suka haɗa baki da Hausa: "Allah ya mayar da alheri, mushe!" A gaban ansifektar! Ƙashin jaki ɗaya gare mu, masu laifi kuwa aji guda.

Bai yi dariya ba. Ya nuna ɗan mahauci, ya kashe mini takwas. Ya nuna ɗan Buzu, ya kashe shida. Ya ƙaro mini wasu, ya raba su, ya sake bi ta kansu. Duk wanda ya nuna sai amsa ta fito kamar ana jira. A ƙarshe ya koma kan yarinyar, ya tattara abin da ya rage ya hallaka su duka, har baƙin bijimin, ya ce saura nawa. Ta dube ni da tausayi ta ce babu ko ɗaya.

Ya rufe littafinsa ya fita, bai ce mini ci kanka ba. Na bi shi har mota. Ya shiga, ya zauna, ya gyara tabarau. Sai da direba ya ta da mota ya leƙo ta taga, ya ce mini da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa, "Malam, sannu da hasara." Suka tafi suka bar ni da baki buɗe. Takardar tabbatarwa ta iso bayan mako uku.

Kwana biyu da zuwan takardar, ina shara a ƙofar masaukina da safe, sai ga tsohuwar da jikarta suna jan wata karsana ja mai farin goshi. Tsohuwar ta miƙo mini igiya. Ta ce, "Na ga baƙon nan ya ƙarasa maka su. Namiji ba ya zama ba ko wutsiya." Ta ce habbanaye ce, wato aron da Fulani ke ba wanda garkensa ya ƙare: in riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan nawa, uwar in mayar. Na ce, "Inna, ai shanun nan ba su taɓa kasancewa ba." Ta ce, "Na sani. Amma ka tsaya ka ce naka ne." Na riƙe igiyar nan, na kasa ko godiya, hawaye suka zubo mini a gaban ɗalibata. Ban ji kunya ba, daɗi ne ya yi mini yawa.

Ranar na shiga aji na ɗauki alli na fara, "Mushe na da shanu..." Sai hannuna ya tsaya. Ina jiyo kukan karsanar daga inda na ɗaure ta. Yara na jira, ɗan Buzu har ya shirya ɓarayinsa. Ƴar Fulanin ta sa hannu ta rufe baki, wannan karon dariya take ɓoyewa. Na goge allo na ce, "Direktar na da shanu hamsin." Bawan Allah, har ya bar Dakoro mahauta na yi masa jaje.

Ban samu zuwa Maradi ba sai bayan karsanar ta yi haihuwar fari. Na shiga zaure, idona ya fara zuwa kan ƙusar nan. Babu tiya, an rataya buta a wurin. Ban tambayi ubana ba. Muka gaisa, aka kawo fura. Sai da ya sha ya goge baki ya ce, "To mushe, shanun naka da ake ta labari, yanzu nawa suka rage?"

Biyu ne. Ko ɗan ajin farko ya iya wannan lissafin. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Alhamdulillahi, Baba, akwai na Allah."

Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "An tura ka koyar da ƙidaya, ka dawo ba ka iya ba." Daga bayan katanga na ji uwata ta tuntsire da dariya. Shi kuma ya tura mini ƙwaryar furar gabana, ya ce in shanye, hanya da nisa.